Lamba Huɗun Ajidan Jibo

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma, mai busa da mai saurare duka. Ranar Talata, 9 ga watan Satumba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ajidan Jibo Zakari a gidansa da ke Dogon Dutsi, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Yana da shekara saba'in da shida. Ni a lokacin ina Tibiri, a saman tsani, ina kafa wa wani mai shago allo, sai wayata ta yi ƙara. Luƙman ne, maƙwabcinsa. Ya ce, "Muntari, sai haƙuri, Baba Ajidan ya cika." Na sauko na bar allon a karkace, na nufi tasha. Allah Ya sa na samu jana'iza, wadda aka yi bayan la'asar.

Sunana Mukhtar, ko da yake a bakin marigayi ban taɓa wuce Muntari ba. Sana'ata sassaƙa hatimi da rubuta allunan shaguna, rumfata tana bakin kasuwa. Shekara goma sha huɗu ina ɗalibinsa a busa saksofon, abin da tsofaffin garinmu ke kira algaitar Nasara. Da liman ya juyo ya ce duk wanda Ajidan ya taɓa ɓata wa ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe. Ni kaɗai na kasa buɗe baki, domin ni ne mai bukatar yafiyarsa. Kusan shekara uku ina yi masa ƙarya guda ɗaya, ina maimaita ta, kuma ya tafi ban faɗa masa ba. Zan faɗe ta a nan, amma sai na fara faɗin ko wane ne shi.

Ajidan, bari in juyo gare ka, don na fi sabawa da magana da kai ido da ido. Kai da bakinka ka sha ba mu labarin yadda ka bar Matankari kana ɗan shekara goma sha tara, ka tafi Yamai da niyyar zama direban soja. Aka jera ku sababbin ɗauka, wani babban mai busa ya bi layi yana cewa kowa ya buɗe baki, yana duba haƙora kamar mai sayen ragon layya. Naka suka fito a jere, ba giɓi ba karkata. Shi ke nan mota ta wuce ka, aka miƙa maka saksofon. Shekara talatin da biyu ka yi a ƙungiyar busa ta soja, har ka kai muƙamin ajidan. Da ka ajiye aiki ka ƙi zaman Yamai, ka dawo nan ƙasar Arewa da matarka Inna Ladidi da yara, da baƙin akwatin saksofon ɗinka, wanda ka rungume a cinya tun daga Yamai har Dutsi don ba ka yarda a ɗora shi saman mota tare da buhunan albasa ba.

Gari ya san ka da busa, ya kuma san ka da shiga lamarin mutane. Matan tsofaffin sojoji da mazajensu suka rasu, kai ne mai cika musu takardun Faransanci, kai ne mai raka su ofis. Sai ka zauna a kan benci tun safe, hularka a gwiwa, kana gaida kowane ma'aikaci da sunansa kana tambayar iyalinsa, har sai kunya ta sa an sa hannu. Ba ka taɓa ɗaga murya ba. Ka ce mutumin da ya yi shekara talatin yana jiran manya su gama jawabi a cikin rana kafin ya busa, ba benci ne zai gajiyar da shi ba.

Ni kuwa allo ne ya haɗa mu. A 2011 ka zo rumfata ka ce in rubuta maka cewa ana koyar da busa, kyauta. Na rubuta, na kai, na kafa a ƙofar gidanka. Bayan wata guda na biyo ta wurin na tambaye ka ɗalibai nawa aka samu. Ka ce, "Ko guda. Amma tunda kai ka rubuta shi, kai ka hwara karanta shi. Zauna." Ina da shekara talatin da takwas da 'ya'ya huɗu, ban taɓa busa ko usur ba. Na zauna don kar in ba ka kunya, kuma tun daga ranar, kowace Laraba da Asabar bayan la'asar ina gindin dalbejiyar ƙofar gidanka.

Sati biyu na farko ko taɓa saksofon ban yi ba. Ka ce wanda bai san ansh ba bai san busa ba. Ansh, ga wanda bai sani ba, ɗan siririn gora ne mai tsawon yatsa, an fere ƙarshensa har ya kusa zama takarda. Shi ake ɗaurewa a ƙasan bakin saksofon, shi ke kaɗawa in an hura iska, daga nan murya ke fitowa. Tagullar nan duk ƙyallinta, in babu shi bututu ce kawai. A bayan kowane ansh akwai lamba da masu yin sa suka buga, daga ɗaya da rabi, biyu, biyu da rabi, uku, har sama. Ƙaramar lamba laushi ne, babbar lamba tauri. Mai laushi yana amsawa da an hura masa iska kaɗan, sai dai muryarsa siririya ce, kuma in an hau can sama yakan shaƙe. Mai tauri muryarsa cike take, amma yana neman leɓe mai ƙwari da ƙirji mai iska.

Gwajinka uku ne, ko daga barci aka tashe ni zan zayyana su. Na farko, a busa muryar can ƙasa a hankali kamar ana tsoron tada jariri. In ta ƙi fitowa sai da gurnani, ansh ya fi ƙarfin mai shi. Na biyu, a busa ta can sama da ƙarfi. In ta shaƙe, mai shi ya fi ƙarfin ansh. Na ukun shi ne shayi. A ɗora shayin farko mutum ya fara busa, in aka sauke na uku muƙamuƙinsa bai yi tsami ba, leɓensa bai fashe ba, to ya samu daidai da shi. Ka kuma nuna mini cewa lamba ba ta ƙare magana ba. Ukun wani kamfani biyu da rabin wani ce, saksofon mai faɗin baki ya fi son mai laushi, kuma a kwali guda mai ɗauke da goma da wuya a samu biyu masu hali ɗaya. Kowanne sai ka ɗaga shi ga rana ka duba tsakiyarsa, ka jiƙa shi a kofin shayi da ruwa, ka kwantar da shi a kan gilashi. Da bazara, lokacin da zafin Dutsi ke busar da komai, kana ajiye su a gwangwanin madara tare da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle don kada su lanƙwashe.

Ka fara ni da lamba biyu, bayan shekara ka matsa da ni zuwa biyu da rabi. Kai kuwa huɗu kake busawa tun kana saurayi, kuma muryar da ke fita daga gare ka, wallahi, ana jin ta har a ƙirji. Sai zuciya ta raya mini cewa asirin yana cikin lambar. Na laɓaɓa wurin Mahamadu, direban hanyar Yamai da ke kawo mana ansh, na ce ya sayo mini kwalin huɗu, kada ya faɗa maka. Ranar Asabar na ɗaura guda a ɓoye na hura. Abin da ya fito ban san sunansa ba, amma zabin maƙwabta sun gane shi, don nan take suka amsa. Na yi ta fama har jijiyoyin wuyana suka tashi, kai kuwa kana ta firfita gawayin shayi kamar ba ka wurin. Sai da idona ya yi ja sannan ka ce, "Muntari, ansh kamar takalmi shike. Ɗauki wanda ya yi daidai da ƙahwarka, ba wanda ya yi kyau ga ƙahwar wani ba. Cire wanga huɗu." Ban gaya maka lambar ba, kai ma ba ka duba ba. Na mayar da sauran tara cikin kwalinsu na jefa a durowar rumfata.

Ba zan wuce ba tare da ambaton Luƙman ba. Matashin ɗan kasuwa ne mai riƙo da addini, kuma bai ɓoye maka ba cewa a fahimtarsa busa ba abin yi ba ce. Wani zai ɗauka gaba za ku yi. Kai kuwa ka je shagonsa ka zauna, ka saurare shi har ya gama, kuka rabu a kan cewa da an kusa kiran salla za ka ajiye, ranar Juma'a kuwa ko akwatin ba za ka buɗe ba. Ka riƙe wannan alkawari da tsarin soja, har matan unguwa suka koma cewa, in busar Ajidan ta tsaya a ɗauko buta. Bai taɓa sauya ra'ayinsa ba, kai ma ba ka sauya naka ba. Amma shi ya riƙa kai ka asibiti a motarsa, shi ya kira ni ranar Talata, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makararka.

Sai tsufa ya zo, shi kuwa ba ya sallama. Haƙoran nan da suka kai ka ga busa, biyu na sama suka fita. Daminar 2022 ciwon ƙirji ya kwantar da kai wata biyu, ka tashi numfashinka ya ragu. Ka ɗauki saksofon da lamba huɗunka, iska ta fito, murya ba ta fito ba. A nan na ga mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ka zargi gorar zamani, ka ce ba a yin ta kamar da. Ka zargi damina. Ka zargi Mahamadu, ka ce ya bar kwalin a rana kusa da gilashin mota. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce ko a gwada uku. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Shekara arba'in da takwas ina bisa huɗu. Ba ni sauka." Na so in tuna maka maganar takalmi, amma ɗalibi ya san inda bakinsa ke tsayawa.

Da busar ƙofar gida ce kawai, da na ƙyale ka da taurin kanka. Amma an sa ranar auren Zalihatu, autarka, ungozoma, bayan an gama girbin hatsi. Akwai wani ɗan sauti da ka ƙirƙira mata ranar sunanta a Yamai, ba ka sake busa shi a gaban jama'a ba, ka ce sai ranar da za ta bar gidanka. Kowa a dangi ya san da wannan alkawari. Saura sati uku ka rufe akwatin ka tura shi ƙarƙashin gado, ka daina fitowa gindin dalbejiya. Zalihatu ta same ni a rumfa ta ce, "Kawu Muntari, Baba ya rage cin abinci. Ni ba busar ce damuwata ba, shi ne. In ranar ta zo bai busa ba, ban san yadda zai tashi daga wannan ba."

Yanzu ga ƙaryar. Shekara ashirin da biyar ina sana'ar hatimi. An zo mini da na makaranta, an zo mini da na ofis iri-iri, a ce in yi kamarsa ba wanda zai sani, kowa na nuna masa hanya. Hannuna bai taɓa yin jabu ba sai a kanka. Na sa Mahamadu ya kawo mini kwalin lamba biyu na kamfanin da ka saba da shi. Na goge lambar bayan kowanne da takardar goge katako mafi laushi, a hankali, don kada in taɓa gorar. Na sassaƙa ɗan hatimin huɗu a roba, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Hatimi biyar na ɓata kafin na shida ya fito da irin ƙafar huɗunsu. Kwana uku rumfata a rufe, masu allo suna zuwa suna komawa. Sannan na buɗe durowa na ɗauko tsohon kwalin huɗun nan na wautata, na juye taran da ke ciki, na zuba waɗannan a madadinsu, na kai maka. Na ce, "Ajidan, sabon zuwa ne. An ce gorar bana ta fi ta bara."

Ka shiga ka jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ka fito da shi gindin dalbejiya. Ka ɗaga guda ga rana. Ka juya bayansa ka daɗe kana kallon lambar, ni kuwa zufa tana bin bayana duk da muna cikin inuwa. Ka jiƙa, ka ɗaura, ka busa muryar can ƙasa a hankali. Ta fito lafiya lau, ba gurnani. Ka hau sama, ta bi ka. Sai ka ajiye saksofon a kan tabarma ka ce kana zuwa, ka shiga cikin gida. Ka ɗan jima, ka fito idonka da danshi, na ɗauka kukan murna ka yi. Ka ce, "Ka gani, Muntari? Na hwaɗa maka laihin gora ne."

Ranar auren, bayan la'asar, ka fito da farar riga da lambobin yabonka na soja a ƙirji. Ka tsaya tsakiyar fili ka busa wa Zalihatu sautinta daga farko har ƙarshe, ka sake maimaitawa. Gaskiya muryar ba ta kai kaurin ta da ba, amma ta fi ta da taushi, kuma ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Amarya tana cikin mayafi tana kuka tana dariya, Inna Ladidi ta rangaɗa guɗa da kanta. Na hangi Luƙman can a ƙofar shagonsa, bai matso ba, bai kuma rufe ƙofar ba. A ranar ka ci tuwo kwano biyu, ni shaida ne.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Amma ansh yana tsufa, kwali yana ƙarewa, don haka duk wanda Mahamadu ya kawo sai ya kwana a rumfata kafin ya iso gare ka. Kwali shida na buga wa huɗu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne majalisa. Ka tsiri wata sabuwar al'ada, da baƙo ya zauna sai ka buga ƙirji ka ce, "Shekara saba'in da 'yan kai, har yanzu ina bisa huɗu. Ko ba hakanan ba, Muntari?" Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce hakanan ne, Ajidan. Wani lokaci sau biyu a zama ɗaya. Nakan koma gida in ce gobe zan faɗa maka, goben ta zo in gan ka kana busa kana murmushi, sai in ce a bari ya huce tukuna. Ina tsoron in ka sani ka sake rufe akwatin, ina kuma tsoron ɗayanmu ya mutu da maganar a tsakaninmu.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, na zauna bakin gadonka na ce, "Ajidan, akwai wata magana da nake so in faɗa maka, a kan ansh." Ka ɗaga hannu ka ce, "Bari sai na tashi. Yanzu busa min wani abu, kuma kada ka ciji leɓe." Na busa. Ka gyara mini wuri biyu da yatsa. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe, kuma da wannan nauyin na tsaya a sahun jana'izarka.

Ranar uku, bayan an yi addu'a jama'a sun ragu, Inna Ladidi ta aiko a kira ni zaure. Ta turo mini baƙin akwatin ta ce ka bar mini. Sannan ta ajiye gwangwanin madara a gabana ta ce in buɗe. Tsofaffin ansh ne a ciki, waɗanda ka gama da su, kowanne da huɗuna a bayansa. A gefen kowace huɗu kuwa, da fensir, da ɗan ƙaramin rubutunka na soja, ka rubuta biyu.

Na ɗago kai na dube ta. Inna ta ce, "Tun ranar hwarko ya sani. Ka tuna ya shigo cikin gida? Dariya ya zo yi, har da hawaye, na toshe mashi baki da mayahina don kada ka ji. Ya ce, Muntari ya kankare lamba, kuma huɗun tashi ta hi ta Turawan kyau." Sai a lokacin na tuna da zabin nan, na tuna cewa mutumin da ya gane huɗu a bakina ba tare da ya duba ba, ba zai kasa gane biyu a bakinsa ba. Shekara uku ke nan kana tsokanata a majalisa, ni ina zufa kai kana jin daɗinka.

Na ce, to me ya hana shi faɗa mini? Ta ce ita ma ta tambaye ka, ba sau ɗaya ba. Amsarka kullum guda ce: mutumin da ya rufe rumfarsa kwana uku don ya rufa maka asiri, ba kai za ka tona nasa ba. Ta ce ka bar mini saƙo, in na zo da maganar bayan ba ka nan, a ce mini babu abin yafewa, amma in zuciyata ta nace, to ka yafe duniya da lahira. Na yi kuka a zauren nan, Ajidan, ba zan ɓoye ba. Na kuma yi dariya, Inna ta taya ni. Washegari na ɗauko ɗan hatimin huɗun daga durowa na saka shi cikin gwangwanin, don aikinsa ya ƙare.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Ladidi, da Zalihatu da yayyenta, da jikoki, da dangi na Matankari, da tsofaffin abokan aikinsa, da Luƙman da sauran maƙwabta, da matan nan da ya yi wa zaman benci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ya Allah, ga bawanKa Jibo ɗan Zakari ya zo gare Ka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ya ga laifina ƙuru-ƙuru a tafin hannunsa, ya rufe shi shekara uku yana murmushi. Ya Ubangiji, Kai ne Ka fi kowa sanin abin da ke bayan kowace lamba, kuma Kai ne Mafi rufin asiri. Ka rufa masa nasa kamar yadda ya rufa mini nawa. Amin.